Me Mutum Yake Saya Idan Ya Sayi Tsibiri a Georgian Bay?

Idan ka bar Toronto ka kama babbar hanya mai lamba 400 ka miƙe arewa, bayan tafiyar awa biyu gonaki za su ƙare, duwatsu su fara leƙowa a gefen titi. Ka shigo yankin Georgian Bay ke nan, wani babban sashe na Tafkin Huron a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Tsawonsa ya kai kilomita 190, girmansa kusan murabba'in kilomita 15,000, kuma ruwansa babu gishiri ko kaɗan. Shi ya sa da Bafaranshen nan Samuel de Champlain ya iso bakinsa a 1615 ya kira shi teku mai ruwan daɗi. A gaɓarsa ta gabas akwai tsibirai da ake ƙiyasta su 30,000, kuma babu wani tafki a duniya da ya tara tsibirai haka a wuri ɗaya. Wasu ba su wuce falalen dutsen da tsuntsu zai sauka ya huta ba, wasu kuwa daji ne sosai. Da yawa daga cikinsu na mutane ne, da takarda da komai, kuma kowace shekara ana sa wasu a kasuwa.

Dillalan wurin sun iya ɗaukar hoto. Daga sama suke ɗauka, a nuna maka jan dutse a tsakiyar shuɗin ruwa, da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura waɗanda iskar yamma ta tanƙwara su gefe guda, da gidan katako mai faffaɗar baranda. Mutanen Ontariyo "kotej" suke ce wa irin wannan gidan hutu, ko ɗaki biyu ne ko goma. Farashi kan tashi daga ɗaruruwan dubban dalar Kanada zuwa miliyoyi. Mai saye yana ganin ya sayi kaɗaici, babu maƙwabci, babu ƙarar mota, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da takardar mallaka ta ba shi dutse ne da ginin da ke kai. Ruwan da ya kewaye dutsen, da ƙasan ruwan, da hanyar zuwa, da watannin da wurin ke zaunuwa, duk suna hannun wasu, kuma yawancin kuɗin da zai kashe daga baya a kan waɗannan ne.

Dokar Ontariyo ta ce ƙasan duk ruwan da jirgi zai iya bi mallakar gwamnati ne, sai fa in an rubuta saɓanin haka ƙarara a takardar farko da aka bayar da filin. Saboda haka baƙo yana da damar ya zo da jirginsa ya tsaya kusa da barandarka, ya jefa ƙugiya, ya yi iyo, ya kwana a ciki, ba ka da ta cewa muddin bai taka dutsenka ba. Dandamalin katakon da kake ɗaure jirginka a jikinsa ma a kan ƙasar gwamnati yake zaune. Wanda yake son yashe bakin ruwa, ko cike shi da duwatsu, ko gina ɗakin ajiye jirgi, sai ya bi ta ma'aikatar albarkatun ƙasa ta lardi da ƙaramar hukuma, ga kuma dokar tarayya da ta hana ɓata wurin da kifi ke hayayyafa. A wasu gundumomin akwai wani tarko kuma. Tsofaffin safiyoyi na ƙarni na 19 sun ware zirin fili mai faɗin ƙafa 66 a bakin ruwa, da nufin wata rana za a yi hanya. Hanyar ba a yi ta ba, amma zirin yana nan a takarda, na hukuma ne. Akan sami iyalin da suka shekara sittin a gida, sai ranar sayarwa lauya ya gano cewa rabin barandar ba a filinsu take ba, sai sun saye zirin daga hukuma kafin ciniki ya faɗa.

Kafin a zo ga safiyo da lauya, wurin yana da mutanensa. Ƙasar Anishinaabe ce, wato 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, kuma har yau al'ummominsu suna nan: Wasauksing a tsibirin Parry, Beausoleil a tsibirin Christian, da Shawanaga, da Moose Deer Point, da Henvey Inlet. A watan Satumba na 1850 shugabannin wasu daga cikinsu suka sa hannu a yarjejeniyar Robinson Huron da gwamnatin Turawa, wadda ta shafi gaɓar gabas da ta arewa har da tsibiran da ke fuskantarsu. An yi musu alkawarin kuɗin shekara-shekara, wanda zai riƙa ƙaruwa idan ƙasar ta kawo riba. An ƙara sau ɗaya, a 1875, zuwa dala huɗu ga kowane mutum, daga nan aka yi shiru kusan shekara ɗari da hamsin, alhali ana ta sare katako ana haƙo ma'adinai. Sai a 2023 gwamnatin tarayya da ta Ontariyo suka amince su biya dala biliyan 10 ga al'ummomi 21, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙolin Kanada ta tabbatar da cewa gwamnati ta saɓa alkawari. Wannan bai taɓa takardar mai gidan hutu ba, domin gwamnati ake bi bashin. Amma duk takardar mallakar tsibiri a yankin, in aka bi salsalarta, a irin waɗannan yarjejeniyoyi take tsayawa. A tsibiran Parry da Christian ma akwai gidajen hutun da ginin na mai shi ne, ƙasar kuwa haya yake biya ga al'ummar wurin.

Masu hutu sun fara shigowa ne a ƙarshen ƙarni na 19. Na farkon masunta ne na nishaɗi, da yawansu Amurkawa daga Pittsburgh da jihar Ohio, suna kafa tanti su yi makonni. A 1898 wasu malaman Jami'ar Toronto suka kafa ƙungiyar Madawaska a Go Home Bay, suka sayi fili tare suka rarraba. A 1906 aka buɗe otal ɗin Ojibway a wani tsibiri na Pointe au Baril, wanda yanzu ya koma kulob ɗin masu gidajen yankin. A 1916 ƙungiyoyin masu gidaje suka haɗu a inuwa ɗaya mai suna Georgian Bay Association. Wani likitan ido na Toronto, James MacCallum, yana da gida a Go Home Bay inda ya riƙa saukar da masu zane irin su Tom Thomson da Arthur Lismer, kuma zanensu na dutse da tanƙwararriyar bishiya shi ya zama hoton da 'yan Kanada ke gani idan aka ce arewa. Abin lura a wannan tarihi shi ne tun farko a ƙungiyance aka zo. Waɗanda suka fara zaman tsibiri ba su taɓa tunanin mutum ɗaya zai iya shi kaɗai ba.

Dalilin yana bayyana tun ranar farko da mai gida ya nufi tsibirinsa. Motarsa a bakin gaɓa take tsayawa, a Honey Harbour ko Parry Sound ko Pointe au Baril. Yana bukatar wurin ajiye mota, da gurbin ɗaure jirgi, da wanda zai fito da jirgin daga ruwa kafin sanyi ya ajiye shi ya gyara injin. Duk wannan aikin tashar ƙananan jirage ne, wadda suke kira marina, kuma yawancinsu na 'yan kasuwa ne. Guraben ba su da yawa. Idan aka sayar da tashar ga mai son gina gidajen alfarma a bakin ruwa, ɗaruruwan masu tsibirai sukan wayi gari ba su da ƙofar shiga gidajensu. Shi ya sa gogaggen mai saye yakan tambayi maganar gurbi a tasha kafin ya tambayi yawan ɗakuna, kuma tsibirin da takardarsa ta haɗa da ɗan fili a gaɓa yana da tsada ta daban.

Daga tasha kuma sai tuƙi. Doka ta ce duk mai tuƙa jirgi mai inji sai ya mallaki katin shaidar ya ci jarrabawa, amma katin ba ya koya wa mutum Georgian Bay. Ƙarƙashin ruwan cike yake da duwatsun da ba su fito ba, wasu taƙi ɗaya kacal tsakaninsu da sama. An sa alamomi ja da kore a babbar hanyar jirage, amma 'yar hanyar da ke kai ka ƙofar gidanka sau da yawa ba ta da alama, a kai ake riƙe ta, uba ya koya wa ɗa. Baƙon da ya shigo da gudu, farfelar injinsa ce ke fara biyan kuɗin makaranta. Tsibiran da ke can waje, masu kallon buɗaɗɗen ruwa, su suka fi kyau a hoto, su kuma iska ta fi duka. Idan ta taso daga yamma takan kwaso igiyar ruwa tun daga nisan kilomita tamanin, ƙaramin jirgi ba shi da abin yi sai jira, ko da gobe Litinin ce akwai aiki a Toronto. Mutanen yankin ba sa wasa da wannan ruwa. A Satumban 1882 jirgin fasinja mai suna Asia ya nutse a cikin hadari da mutum fiye da ɗari, biyu kaɗai suka tsira.

Duk abin da ya fi ƙarfin ƙaramin jirgi sai an yi hayar jirgin dako, wani faffaɗan dandamalin ƙarfe da ake turawa a ruwa, mai ɗaukar mota ko injin haƙa. Siminti, katako, kwanon rufi, firiji, tukwanen gas, duk ta nan suke zuwa, tsohuwar katifa da tarkacen gini ma ta nan suke komawa. Magini da kafinta da mai gyaran famfo kowa sai an biya shi lokacin da ya ɓata a ruwa, kuma watannin aiki kaɗan ne, ga masu jira da yawa. Wannan ya sa aikin da za a yi a gari da kuɗi kaza, a tsibiri sai an ɗora mai yawa a kai. Babban ciwon kai shi ne bayan gida. Ƙasar da ke kan waɗannan duwatsu ba ta da kauri, a wasu wuraren ko tafin hannu ba ta kai ba, domin ƙanƙarar wani tsohon zamani ta kankare ta tun dubban shekaru. Ba a haƙa shadda a falalen dutse. Dokar gini ta Ontariyo ta ce tankin ƙazanta da filin da ruwansa ke tsiyayewa su nisanci bakin ruwa da aƙalla mita 15, don haka sai a yi dakon yashi tan-tan daga gaɓa a zuba a kan dutse a ƙirƙiri ƙasar da babu ita. Bayan 'yan shekaru kuma motar kwasa ta hau jirgin dako ta zo ta zuƙe tankin. Ƙaramin tsibirin da ba shi da faɗin da zai cika wannan sharaɗi, ko da naka ne halak malak, ba lalle a ba ka izinin gini a kansa ba. Akwai masu tsibiran da iyakar abin da suke yi da su shi ne shimfiɗa tabarma su ci abincin rana.

Wuta da ruwan sha sun fi sauƙi yanzu. Wasu tsibiran kamfanin lantarki na lardi, Hydro One, ya kai musu wuta ta wayar da aka shimfiɗa a ƙasan ruwa. Sauran suna dogara da sola da batura da janareta, firiji da murhu kuma na gas. Ruwa daga tafkin ake jawowa da famfo, a tace, a bi da shi ta fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta. Intanet ta tauraron ɗan'adam irin ta Starlink ta sa wasu suna aikin ofis daga tsibiri, abin da tsofaffin masu gidaje ke yi wa kallon ɓata wuri.

Abin da babu mai iko da shi shi ne tsayin ruwan kansa, kuma a ganina nan ne mai saye ya fi yin kuskure, domin yakan ɗauka inda ya ga bakin ruwa ranar ciniki nan yake kullum. Tafkin Huron da na Michigan a haƙiƙa ruwa ɗaya ne, mashigin Mackinac ya haɗa su, tare suke hawa tare suke sauka. Tafkin Superior yana da ƙofofin da ake daidaita fitar ruwansa a kogin St. Marys, Tafkin Ontariyo ma yana da madatsa a kogin St. Lawrence. Huron ba shi da ko ɗaya. Ruwansa yana fita ta kogin St. Clair yadda ya ga dama, kuma yashe wannan kogi da aka yi ta yi domin manyan jiragen kaya, na ƙarshe a farkon shekarun 1960, ya rage tsayin tafkin dindindin da kusan santimita 40. Sauran kuma ruwan sama ne da dusar ƙanƙara da tururi. Shekarar da ƙanƙara ba ta rufe tafkin sosai ba, iskar hunturu takan kwashe ruwa mai yawa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 ruwan ya ja baya ya zauna a ƙasa fiye da shekara goma, har a Janairun 2013 ya kai mafi ƙanƙantar matakin da aka taɓa aunawa. Dandamalan ɗaure jirgi suka tsaya a kan busasshen dutse, hanyoyin shiga wasu gidaje suka toshe, wasu tsibiran suka manne da maƙwabtansu har ana tsallakawa da ƙafa. Masu gidaje suka yi ta kai kuka ga hukumar haɗin gwiwa ta Kanada da Amurka mai kula da ruwan kan iyaka, wadda yarjejeniyar 1909 ta kafa, suna neman a sa wani abu a kogin St. Clair ya rage gudun ruwa. Ana cikin wannan muhawara ruwa ya juyo. Zuwa 2020 ya hau kusan mita biyu a kan matakin 2013, ya karya tarihin watanni da dama a jere. Waɗanda suka kashe kuɗi suka tsawaita dandamali suka bi ruwa, sai ga shi ya shanye dandamalin ya shiga ɗakin ajiye jirgi. Wanda ya san labarin Tafkin Chadi ba zai yi mamakin ruwa mai tafiya da dawowa ba, sai dai a can rayuwar masunta da manoma ce ke kan layi, a nan kuwa dukiyar masu hali. Mita biyu a kan shimfiɗaɗɗen dutse ba ƙaramin fili ba ne: tsibirin da safiyo ya auna eka biyu a shekarar ƙarancin ruwa zai iya raguwa sosai a shekarar cika. Ga kuma wani abu na 'yan awoyi, inda iska mai ƙarfi ke tura ruwa gefe guda na tafkin, in ta lafa ya dawo kamar ruwa a cikin tasa. Shi ya sa yawancin masu gidaje suka koma dandamali mai yawo a kan ruwa, wanda ke hawa da sauka tare da shi.

Shekarar mai tsibiri gajera ce. A al'ada ana buɗe gida a hutun ranar Victoria, a ƙarshe-ƙarshen watan Mayu, a rufe a hutun godiya na Litinin ta biyu a Oktoba. Wata biyar ke nan, cikinsu ma farkon akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo da sauro, ƙarshen kuma sanyi. Idan hunturu ya kankama ƙanƙara ta yi kauri, ana iya zuwa da babur ɗin kan dusar ƙanƙara. Matsalar ita ce makonnin tsakani, lokacin da ruwa ya fara daskarewa da lokacin da ya fara narkewa, jirgi ba ya iya fasawa, ƙafa kuma ba ta iya takawa. Mazauna yankin sun ƙirƙiro wa kansu wani jirgi mai lafaffen ciki da farfelar jirgin sama a baya, suna ce masa "sikut", yana bi ta kan ƙanƙara ya faɗa ruwa ya sake hawa. Mai gidan da ke Toronto ba shi da wannan. Wata shida ko bakwai gidansa yana hannun ɓeraye da dusar ƙanƙara da wani mutumin gari da ake biya ya riƙa leƙawa.

Idan wuta ta tashi a tsibiri, babu motar kashe gobara da za ta zo. Ƙungiyoyin masu gidaje sukan ajiye injinan feshin ruwa a wasu tsibirai, kowa ya san inda suke, in an ga hayaƙi maƙwabta su ɗauko su su rugo a jirage. A Yulin 2018 gobarar dajin da aka yi wa laƙabi da Parry Sound 33 ta tashi a yankin Henvey Inlet ta cinye fiye da hekta 11,000, aka kwashe mutane daga gidajen hutu ta ruwa. Rashin lafiya ma haka: wanda zuciyarsa ta buga da tsakar dare sai an sa shi a jirgi an bi ta cikin duwatsu a duhu zuwa inda motar asibiti ke jira, ko a jira masu gadin ruwa ko helikwafta. Kamfanonin inshora sun san wannan lissafi, shi ya sa suke tsawwala kuɗi, wasu ma ba sa karɓa. Bankuna ma ba sa ɗokin ba da bashin sayen gidan da mota ba ta zuwa kuma ba a zama cikinsa duk shekara, sukan nemi mai saye ya ajiye kaso mai tsoka daga aljihunsa. Da yawa kuɗi hannu suke saye, ko su jinginar da gidansu na birni.

Akwai kuma waɗanda suka riga kowa zama. Dabbar beyar ta iya iyo, kuma ƙanshin shara yana kiranta daga tsibiri zuwa tsibiri. Macijin massasauga, mai ƙararrawa a wutsiya, shi kaɗai ne mai dafi a Ontariyo, gaɓar gabas ta Georgian Bay kuma tana cikin mafakarsa ta ƙarshe. Doka ta kare shi, kashe shi laifi ne, kuma samun maƙwancinsa a fili yana iya sauya inda za a yarda ka yi gini. Tun 2004 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da ake tattalin halittunsu. Baƙin halittu ma sun shigo. Wasu 'yan ƙananan halittu masu ɓawo da suka zo cikin ruwan jiragen Turai a ƙarshen shekarun 1980 suna toshe bututun jan ruwa suna yanka ƙafar masu wanka, sannan wata doguwar ciyawa tana mamaye fadamun bakin ruwa kamar yadda kacalla ta yi wa fadamar Haɗeja da Nguru. Duk bazara masu gidaje sukan yi gayya su shiga ruwa su yanke ta.

Haraji yana zuwa ta ƙofofi da dama. Na shekara-shekara ƙaramar hukuma ake biya gwargwadon ƙimar gida, kuma tsohon ƙorafin masu tsibirai shi ne suna biyan kuɗin titi da kwashe dusar ƙanƙara alhali ba su da titi. Irin wannan ƙorafi na cikin abin da ya haifar da ƙaramar hukumar The Archipelago a 1980, wadda mazaunanta na dindindin kusan mutum dubu ɗaya ne kawai, masu zuwa hutu kuwa sun ninka su sau da yawa, kuma ɗan ƙasa mai gida a wurin yana da ƙuri'a a zaɓenta ko da a birni yake zaune. Baƙo kuma lissafinsa daban. Tun Oktoban 2022 Ontariyo tana karɓar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gida daga mai sayen da ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da izinin zama na dindindin, a ko'ina cikin lardin. Gidan dala miliyan ɗaya ya zama miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin ke nan, kafin a zo ga harajin sauya mallaka da kowa ke biya. Dokar tarayya ta Janairun 2023 da ta hana baƙi sayen gidaje ta fi shafar birane da kewayensu, yawancin tsibiran suna wajenta, amma kashi 25 ɗin nan ya isa ya sa jikokin Amurkawan da suka fara zuwa yankin su yi tunani sau biyu kafin su ƙara saye.

Inda zancen ya fi ɗaci shi ne gado. Kanada ba ta da harajin gado da sunansa, amma dokarta tana ɗaukar mamaci kamar ya sayar da duk kadararsa a farashin kasuwa ranar da ya rasu. In ya bar wa matarsa ko ta bar wa mijinta, ana ɗage biyan har na biyun ya tafi. Daga nan rabin ribar da kadarar ta yi ana lissafa shi cikin kuɗin shigar mamacin na shekarar. Gidan da iyali ke zaune a ciki an yafe masa wannan, amma tun 1982 gida ɗaya kawai iyali ke iya zaɓa a kowace shekara, kuma yawanci na birni ake zaɓa. A ɗauki misali: kaka ya sayi tsibiri dala 100,000, ya rasu yana da ƙimar 1,100,000. Riba miliyan ɗaya, rabinta 500,000, harajin da zai hau kanta a Ontariyo ya haura dala 200,000. Ba a sayar da komai ba, ko sisi bai shigo ba, amma sai an biya. Da gwamnatin tarayya ta sanar a 2024 cewa za ta ɗaga kason daga rabi zuwa biyu bisa uku, iyalai da dama sun yi gaggawar sauya sunan mallaka kafin wa'adin 25 ga Yuni, suka biya haraji tun da ransu, sai kuma a Maris na 2025 aka soke ƙarin gaba ɗaya.

Ko an biya gwamnati, saura 'yan'uwa. Tsibiri ba ya rabuwa kamar gona, dokokin yanki ma ba sa barin a yayyanka ƙaramin tsibiri. 'Ya'ya uku sun gada, ɗaya yana Toronto yana zuwa duk mako, ɗaya tana Vancouver sai shekara-shekara, na ukun ba shi da halin biyan kason gyaran rufi. Wa zai samu makonnin Yuli? Wa zai biya kuɗin tasha? Idan ɗaya ya rabu da matarsa, ina matsayin kasonsa? A zuriya ta uku magada sun zama goma sha biyu, wasu ba su ma san juna sosai ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Lauyoyin yankin suna da aiki na musamman a kan wannan: rubuta yarjejeniyar zama tare, da jadawalin makonni, da asusun gyara, da sharaɗin cewa mai son fita sai ya fara tayi ga 'yan'uwansa. Wasu iyaye sukan sayi inshorar rai daidai da harajin da ake hasashe, don kada 'ya'ya su sayar da tsibiri su biya gwamnati.

Wasu kuma sukan zaɓi wata hanya. Tun 1991 akwai gidauniyar Georgian Bay Land Trust da ke karɓar kyautar tsibirai da filaye, ko ta ƙulla yarjejeniya da mai fili cewa ba za a ƙara gini a wurin ba har abada, ko a hannun wa ya koma. Gwamnatin tarayya tana yafe harajin riba a kan filin da aka tabbatar yana da muhimmanci ga halittu idan aka bayar da shi ta wannan hanya, har ta ba da takardar rangwame. Iyalin da ke da gida a tsibiri ɗaya da wasu duwatsu biyu a gefe sukan bayar da duwatsun, rangwamen ya taimaka musu su riƙe gidan. Da dama daga tsibiran da gidauniyar ta karɓa a buɗe suke ga mai son ya tsaya da jirginsa ya yini, har da jikokin waɗanda suka bayar da su.